Kunnen Tarwaɗa

Ranar da ciwon kunnen Tarwaɗa ya dawo karo na huɗu, uwarta ce ta fara gani, domin ita ke cire rigar filo da safe. Wani ɗan tabo ne ruwan ɗorawa, daidai inda yarinyar ke ɗora kunnenta na dama. Ta kai hanci ta shinshina, ta yamutsa fuska. Ta san warin nan sarai, ba ta buƙatar a gaya mata.

Tarwaɗa shekararta tara, kuma ba wanda ya tuna rabon da a kira ta da sunan yanka. Ubanta ne ya laƙaba mata wannan, saboda yadda take sulalewa a cikin ruwa. Shi kuwa uban, Koci ake ce masa. Yara yake koya wa ninkaya a wani kulob na wasanni, shi ne kuma mai wanke tafkin da zuba masa magani. Hatta uwar da ta haife shi Koci take kiran sa, kuma ko abinci zai ci, usur ɗinsa na rataye a wuya, sai ka ce miya za ta karya doka.

Sana'ar tana da wuyar sha'ani, domin iyaye tsoron ruwa suke yi. Uwa za ta zo riƙe da hannun ɗanta, ta leƙa tafkin, ta fara ja da baya tana salati. A daidai nan Koci zai busa usur, Tarwaɗa ta taso a guje ta faɗa ruwa, ta ɓullo a ɗaya ƙarshen tana murmushi. Sai ya buɗe hannu ya ce 'yar cikinsa ce wannan, da akwai hatsari ai ba zai sa ta ba. Da wuya uwa ta ga haka ta koma gida ba ta rubuta sunan ɗanta ba. Wasu masu sana'a allo suke kafawa a bakin ƙofa, Koci 'yarsa ya kafa. Kullum daga makaranta sai ruwa, awa uku cur, ran Asabar kuwa tun safe har la'asar.

Maman Tarwaɗa, wadda tela ce mai ɗinki a falon gida, ta kai masa rigar filon yana shan shayi. Ya dube ta, ya dubi tabon, ya ce fanka ce. Karon farko ma ya ce ruwan sanyi take sha, na biyu ya ce wankan bokiti ne, na uku ya ɗora wa 'yan ajinsu masu ihu. Abu ɗaya ne bai taɓa shiga jerin masu laifi ba.

"Ruwan da nake kula da shi ya fi wanda muke sha a gidan nan tsabta," in ji shi. "Sau biyu nake auna shi a rana. Ki nemi dalili a wani wurin."

Gaskiya ne Koci mutum ne mai tsabta, tsabtar ce ma ta yi yawa. Mutumin da ke bin tsakanin tayil da tsohon buroshin haƙori don kada gansakuka ta samu wurin zama, ba zai ga datti a kunnen 'yarsa ya kawar da kai ba. Kowace yamma in sun dawo, sai ya ja kujera 'yar tsugune zuwa bakin ƙofa inda haske yake, ya kwantar da kan yarinyar a gwiwarsa, ya zaro tsinken auduga daga gwangwaninsa. Zai yi ta juyawa, ya zaro ya duba, ya sake sabo, har sai audugar ta fito fara fat. Sannan ya ɗaga ta sama ya nuna wa mutanen gida, yana jiran yabo.

Daga bayan keken ɗinki, uwar ba audugar take kallo ba, yatsun ƙafar yarinyar take kallo, yadda suke lanƙwashewa suna kama siminti. Amma Tarwaɗa ba ta taɓa cewa uffan ba. A duk tsawon yini, wannan ne kaɗai lokacin da ubanta ke shafa mata kai ba tare da ya ce ta ƙara sauri ba, kuma ba ta son ta rasa shi.

Kaka, mahaifiyar Koci, ita ma tana da asibitinta. Cokali ne da mai da kan murhu. Da ta ji an ce kunne, sai ta ɗumama man, ta kama yarinyar ta tsiyaya mata, tana ba da labarin yadda su a zamaninsu a kogi suke yini, ba wanda kunnensa ya taɓa ko ƙaiƙayi. Ita da sai an yi mata magana sau biyu take amsawa, amma ba wanda ya isa ya tuna mata.

Kada a wanke uwar ma, domin ita kanta ba ta wanke kanta ba. A kan kantar ɗakinta akwai kwalabe uku na maganin ɗigawa, kowace ta kai rabi aka ajiye ta. Duk lokacin da aka kawo magani, kwana uku ake yi ciwon ya lafa, a rana ta huɗu Koci ya ce ai ta warke, ita kuma ta ga ɗinkin mutane ya taru, ga miji ya fara ɗaure fuska, sai ta ce wa kanta zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Don ta rage wa zuciyarta nauyi, ta ɗinka wa yarinyar hular ruwa da ragowar yadi, har da soso a daidai kunne don ya tare ruwa. Hular ta yi kyau ƙwarai, iyaye har tambaya suke ina aka saya. Soson kuwa ya yi aikin da Allah ya halicci soso dominsa, ya shanye ruwa ya riƙe shi a bakin kunnen har a dawo gida.

A wannan karon uwar ta rufe keke ta kai yarinyar ƙaramin asibitin unguwa. Nas ɗin da ke wurin ta gane su tun daga ƙofa, ta ce ashe 'yar ruwa ce ta dawo. Ta ɗan ja leɓen kunnen, yarinyar ta zabura har ta buge kwanon auduga. Nas ta haska, ta ce kunnen ya kumbura har ba ta iya hango ciki. Ta yi bayani dalla-dalla, irin na wadda ta gaji da maimaitawa. Ta ce a ɗiga magani kwana bakwai cif, ko da ciwon ya tafi a rana ta biyu, kuma yarinyar ta bar ruwa har sai an dawo an duba. Ta ce in ta koma ninkaya, ta riƙa karkata kai kowane gefe tana jan leɓen kunne ruwan ya fito, a goge bakin kunnen da gefen tawul, shi ke nan. Kada a zura komai ciki, ko auduga, ko mai, ko yatsa. Abin da ake kira dattin kunne, in ji ta, maiƙo ne da kunne ke yi wa kansa don ruwa ya zame ya fita.

Uwar ta ɗauko maganar nan tiryan-tiryan ta kawo gida. Koci ya saurara yana kaɗa ƙafa. Ya ce shi shekara goma sha biyar yana aikin ruwa, ita nas ɗin ko iyo ta iya? Ya ce wai datti ne mai gadi, to gobe sai ya bar gansakuka ta rufe tafki tunda ita ma ƙila gadi take yi. Kaka ta ce 'yan asibiti ba sa son a san magani a gida ne kawai. Duk da haka ya yi adalci irin nasa, ya ce ya ba yarinyar hutun kwana uku.

A rana ta huɗu wasu sababbin iyaye suka yi waya za su zo. Ya ce minti goma kawai, ta shiga ta fito, ko kanta ba sai ta nutsar ba. Minti goman ya haifi awa biyu. Da yamma ya ga kunnen na tsatsafo da ruwa, tausayi ya kama shi, ya jawo kujera da gwangwani ya ce bari ya share mata mugunyar ta ji sanyi. A ranar ne yarinyar ta yi wata 'yar ƙara sau ɗaya, ta damƙe wandonsa. Ya ce ta yi haƙuri, ya kusa gamawa.

Daga nan abubuwa suka fara canzawa a hankali, yadda mai son kawar da kai zai iya kawarwa. Tarwaɗa ta koma tauna abinci da gefe ɗaya. In ana magana sai ta karkato da kunnen hagu, kai a karkace kamar kaza na kallon sama, har Kaka ta fara kwaikwayon ta ana dariya. Malamar ajinsu ta aiko da takarda cewa yarinyar ta fara raina mutane, sai an kira ta sau uku take waiwayowa. Koci ya karanta, ya ce ya lura shi ma, kwanan nan tana yi masa kunnen uwar shegu in yana ba da umarni daga bakin tafki. Ya ce girma ne ya fara zuwa mata, kuma zai yi maganin abin.

Uwar ta gwada da kanta wata rana da hantsi. Yarinyar na zaune tana tsince mata zare daga wani ɗinki, ta zagayo ta dama ta ce a hankali, "Zo ki karɓi alewa." Tarwaɗa, wadda ke jin motsin ledar alewa daga ɗaki na uku, ta ci gaba da tsintar zarenta. Uwar ta koma kan keke ta zauna, ta kasa taka shi don tsoro da kunya. Ta ƙudurta a ranta za ta yi magana, amma sai bayan Asabar.

Asabar ɗin kuwa babbar rana ce. Manajan kulob ya gayyato iyaye da yawa su zo su ga yadda ake koyarwa, an jera kujerun roba, an kawo lasifika. Koci ya goge usur ɗinsa har yana ƙyalli. Da safe uwar ta ce masa jikin yarinyar da zafi, ya taɓa goshinta da bayan hannu ya ce ai ruwa ne maganin zafi. Ta tambayi Tarwaɗa ko za ta iya, yarinyar ta dubi ubanta kafin ta ce za ta iya. Uwar ta yafa mayafi ta bi su, abin da ba ta saba ba.

Aka yi jawabi, aka tafa. Koci ya busa usur, Tarwaɗa ta hau katakon tsalle da hularta mai kyau, ta faɗa da ka har ƙasan tafki. Ta ɓullo, amma maimakon ta miƙe zuwa ɗaya ƙarshen, sai ta fara karkacewa, ta bugi igiyar da ta raba layi, ta juya ta sake bugun ta. Wasu iyaye suka yi dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Koci ya busa usur, ya sake busawa, yana nuna mata hanya da hannu. Da ƙyar ta lalubo bakin tafkin ta rungume shi, idanunta a rufe, tana cewa ƙasa na juyawa.

Uwar ba ta san lokacin da ta ratsa kujerun ba. Ta durƙusa a kan tayil mai santsi, zaninta ya jiƙe sharkaf, ta jawo 'yarta ta cire hular. Soson ya rine da mugunya da ɗan jini. Wata mata daga cikin iyayen ta ja ɗanta baya, ta tambaya ko ruwan ne ke sa haka. Koci ya juya wa 'yarsa baya ya fuskanci jama'a, yana bayanin cewa karin kumallo ta ci da yawa, kuma yara kan yi haka, kuma sau biyu yake auna ruwan nan a rana.

"Baban Tarwaɗa," in ji matarsa, ba ta ɗaga murya ba. "Babban asibiti za mu. Ko ka biyo mu, ko ka tsaya ka gama auna ruwanka."

Ya biyo su, amma sai da ya damƙa wa manaja makullin ɗakin maganin tafki.

Likitan kunnen wani dattijo ne mai magana a hankali, yana da wata 'yar na'ura da ke nuna cikin kunne a allon talabijin. Ya tsotse mugunyar da wani siririn bututu, yarinyar na riƙe da hannun uwarta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya wa ke share mata kunne a gida.

Koci ya gyara zama. Tun safe ba wanda ya yi masa tambayar da zai amsa da alfahari sai yanzu.

"Ni ne, likita. Kullum. Ban taɓa fashi ba."

"Na ga alama," in ji likitan. "Matso ka ga aikinka."

Likitan ya juyo da allon. Ya nuna masa bangon kunnen, ja wur, ba ko ɗigon maiƙo, duk ƙarce-ƙarce, wani ya warke wani sabo. Ya ce ta waɗannan hanyoyin ƙwayoyin cuta ke shiga, kuma ko ruwan ya kai hawaye tsabta, in ya kwanta a kan fatar da aka kankare sai ta ruɓe. Sannan ya matsa can ciki ya nuna wani ɗan baƙin rami a jikin dodon kunnen. Ya ce ba zai rantse ko tsinke ne ya huda ko ciwon ne ya ci ba, amma ta ramin nan ruwan tafki ya shige yau har ya juya mata kai, ta nan kuma man da ake tsiyayawa yake wucewa inda bai kamata ba. Uwar ta faɗi maganar kwalabe uku da hular soso da bakinta, tun kafin a tambaye ta. Likitan bai yi faɗa ba, ya rubuta kawai, wannan kuwa ya fi faɗa ciwo.

Aka sa wa yarinyar abin saurare a kunne aka gwada jinta. Na hagu lafiya lau, na dama ya ragu sosai. Likitan ya ce ƙila ramin ya rufe da kansa cikin 'yan watanni, ƙila sai an yi aiki, kuma ba zai yi alkawarin jin zai dawo duka ba. Ruwa kuwa, ko na wanka kada ya shiga har sai shi ya ce.

A gidan nan ba wanda ya taɓa ɗaga wa Tarwaɗa hannu, shi ya sa kowa ke barci da zuciya fara. Uba ya kankare ta da sunan tsabta, kaka ta tsiyaya mata mai da sunan tausayi, uwa ta yi shiru da sunan zaman lafiya, kowa kuma in ka tambaye shi zai rantse maka son ta yake yi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk cikinsu ba wanda bai ji maganar nas ba. Sun ji, sun auna ta da abin da zai ɓata musu lissafin ranar, suka ga kunnen yarinya ya fi sauƙin sadaukarwa, tunda shi ba ya gardama.

Suka fito suka nufi inda ake hawa mota. Rana ta take, titi cike da masu sayayya. Koci na tafe a damar yarinyar, uwar na bayansu da taku biyu riƙe da ledar magani. Sai ta ga ya ɗan sunkuya, ta ji ya ce can ƙasa-ƙasa, yadda ba zai zubar masa da girma ba, "Ki yafe mini, ni na jawo miki."

Tarwaɗa ta ci gaba da tafiya tana kallon wani mai sayar da balan-balan. Ya ɗan jira. Da ya ga ba ta amsa ba, ya gane dalili, ya zagayo ta hagu. Ya buɗe baki, ya dubi mutanen da ke wucewa, ya ce mata ta ɗaga ƙafa kada mota ta cika.

Uwar ta tsaya cak a tsakiyar hanya, har wani mai keke ya kauce mata.

"Ba haka ka ce a wancan gefen ba," ta ce. "Wancan kunnen ka riga ka gama da shi. Faɗa wa wannan."

Ya dube ta kamar zai yi musu, sai bai yi ba. Ya durƙusa a gaban yarinyar a bakin titi, mutumin da ya saba magana da lasifika, ya maimaita da ƙarfi har mai balan-balan ya waiwayo. Ya ƙara da cewa ba za ta sake shiga ruwa ba sai likita ya yarda, ko da wata nawa ne.

Tarwaɗa ta karkato da kai ta saurara har ya gama. Uwar ta zaci za ta yi kuka, ko ta yi murna. Sai yarinyar ta ɓata fuska irin ta mai tunanin babban al'amari, ta sa hannu ta gyara masa igiyar usur da ta murɗe a wuyansa.

"To Baba," ta ce, "in iyayen yara sun zo, wa za ka nuna musu?"